Ruwan sama a ranar zango: tambayoyi da amsoshi ga masu yawon jirgin ruwa daga Yamai da Tawa

Shekarun baya-bayan nan mutanenmu sun fara shiga manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, waɗanda masu Faransanci ke kira kurwaziyer: ka kwana cikin jirgi, gari ya waye maka a wata tasha, ka sauka ka zaga, kafin dare ka koma a ci gaba. Wasu ƴan kasuwa ne da suka je sari Istanbul ko Dubai suka ƙara mako guda, wasu ƴaƴansu da ke Faransa ne suka biya musu. Duk wanda ya zo neman shawara wurina a Yamai, biza da abincin halal yake fara tambaya. Maganar ruwan sama sai ya dawo take tasowa, bayan ta ɓata masa kwana biyu cikin bakwai. Shi ya sa na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa na amsa su wuri guda.

Mu da muka tashi cikin damina, har sai an koya mana zama da ruwan sama?

Ruwanmu daban, nasu daban. A Yamai ko Tawa hadari yakan haɗo daga gabas, ka gan shi da idonka, iska ta taso da ƙura, sai a kece kamar da bakin ƙwarya. Awa ɗaya ko biyu ya ɗauke. Kowa ya san abin yi: a fake a rumfa ko zauren wani a jira, kuma ba mai zarginka don ka makara, tun da shi ma ruwan ya tare shi. Ko ka jiƙe, garin da ɗumi, kafin ka kai gida rigar ta sha iska. Ruwan da Yamai ke samu a shekara tsakanin milimita 500 ne zuwa 600, kusan dukkansa daga Yuni zuwa Satumba. Na Tawa bai ma kai haka ba.

Birnin Bergen na Norwe, inda jiragen ke yawan yada zango, yana samun fiye da milimita 2,000, kuma ana ruwa a kwanaki sama da 200 na shekara. Irin wannan ruwa ba ya sallama. Yayyafi ne da kan wuni bai tsaya ba, ga iska, ga sanyin da ko a tsakiyar lokacin zafinsu kan sauka kusa da digiri 12. Ka tuna ranakun marka na Agusta, ka haɗa su da asubar Janairu, to ka kusa gane shi. Ɗabi'unmu biyu ne ke cutar da mu a can: raina yayyafi, da fakewa a jira ya ɗauke. Ta farko tana kawo ciwo. Ta biyu tana cinye lokaci, shi kuwa jirgi da agogo yake aiki. Amsar da ke ƙasa kan makara ita ce na fi son kowa ya karanta.

Wane wata ne, kuma wace hanya ce ta fi ƙarancin ruwa?

Bahar Rum, wato hanyar Marsey, Barsalona, Roma, Tunis da tsibiran Girka, akasin ƙasarmu ce: muna damina suna rani. Daga Yuni zuwa Agusta da wuya ka ga ruwa, sai zafi da cunkoso da tsadar tikiti. Ruwansu yana farawa daga ƙarshen Satumba, ya ƙarfafa a Oktoba da Nuwamba, daidai lokacin da ake karya farashi mu kuma mu ruga mu saya. Ba laifi a sayi mai araha, amma a san dalilin arahar. Ambaliyar da ta kashe mutane sama da 200 a yankin Valencia na Sifaniya ranar 29 ga Oktoba 2024 ta auku. Ranar 12 ga Nuwamba 2019 kuma ruwan teku ya hau santimita 187 a Venis, ya mamaye mafi yawan birnin.

A tsibiran Karayib lokacin guguwar teku daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba, amma ruwan yau da kullum na can mai ɗumi ne, ya zubo ya wuce, kamar namu. Norwe da Alaska babu watan da za a ba ka tabbaci. Garin Ketchikan na Alaska yana shan sama da milimita 3,500 a shekara. A gaɓar Norwe dai Mayu da farkon Yuni sun fi dama.

Wanda ba ya son ruwa sam ya nufi kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan, inda akan shekara ba a ga ɗigo ba, ko Tekun Fasha cikin hunturu. Ko nan ma ba a cika baki. Ranar 16 ga Afrilu 2024 ruwa ya dagula filin jirgin saman Dubai, kuma alhazan 2009 ba su manta ambaliyar Jidda ta 25 ga Nuwamba ba. Garin da bai saba da ruwa ba shi ne ruwan yini ɗaya ke tsayarwa cak.

Na biya kuɗin yawon gari a jirgi, aka wayi gari ana ruwa. Za a fasa a maido min kuɗina?

Galibi ba a fasawa. Bas zai zo, jagora zai ɗaga tutarsa, a tafi cikin ruwan. In kai ka ce ba ka zuwa a safiyar, kuɗinka sun tafi. Yawancin kamfanoni suna ba da damar sokewa ko canjawa har zuwa awa 24 ko 48 kafin ranar, kuma an rubuta wa'adin a takardar da aka ba ka. Ka karanta ta tun daren farko. In su ne suka soke, saboda iska ko rufe hanya, sai su maida kuɗin cikin asusunka na jirgi.

Dabarar ita ce ka riƙa duba hasashen yanayi kwana biyu gaba (akwai amsa kan wannan a ƙasa), in ka ga ranar hawan dutse za ta zo da ruwa, ka je teburin masu yawo ka nemi a canja maka da zagayen bas ko gidan tarihi tun wurare ba su ƙare ba.

Me ya sa jirginmu ya wuce wani zango bai tsaya ba, alhali ruwan ba shi da yawa?

Ba ruwan ne ya hana ba, iska ce da igiyar teku. Jirgi mai hawa goma sha biyar kamar bango yake, iska na tura shi gefe, shigarsa tasha mai ƙunci ta zama haɗari. Akwai kuma wuraren da babban jirgi ba ya kai wa gaɓa, kamar Santorini a Girka da garin Kan (Cannes) a Faransa: yana tsayawa a tsakiyar ruwa, ƙananan jirage su yi ta fito da mutane. Da teku ta fara tashi, takawa daga babba zuwa ƙarami na iya karya ƙafar mutum, sai kwamandan jirgi ya soke. Sharuɗɗan tikitin sun ba shi wannan iko, kuma ba a biyan diyya, sai dai kuɗin yawon da aka fasa, wani lokaci da harajin tashar. Na ga dattijo ya yi ta faɗa a kan haka. Ni dai da na ga yadda ƙaramin jirgin ke hawa yana sauka a gefenmu, godiya na yi wa kwamandan a zuciyata.

Laima zan ɗauka ko rigar ruwa?

Rigar ruwa mai hula. Bakin teku ba ya rabuwa da iska, ita kuwa laima sai ta kife ko ta karye, ga shi ta kama maka hannun da za ka riƙe ƙarfen tsani da shi. Ƙarama mai naɗewa tana da amfani cikin gari in ba iska, amma ƙari ce kawai.

Wurin saye ka duba abu biyu. Ka juya rigar ka ga ko an liƙe ɗinkin da siririn tef ta ciki, domin ta ramin allura ruwa ke shiga. Sannan in an rubuta lambar ƙarfin tare ruwa a jikinta, 5,000 ta isa yayyafi, 10,000 ta fi dacewa da wuni guda cikin ruwa. Cikin gwanjon Katako ana samun masu kyau, sai dai wasu rufinsu ya mutu. Kafin ka sa ta a akwati, ka sanya ta a tsakar gida wani ya tsiyaya maka buta guda a kafaɗa. Rigar roba mai kauri irin ta ƴan kabu-kabun Tawa tana tare ruwa sosai, amma ba ta numfashi: ka yi tafiyar minti ashirin zufa ta jiƙa ka ta ciki, daga baya sanyi ya kama ka. Ka ɗauki wadda ta ɗan fi ka girma don ta hau kan rigar sanyi.

Ni ban saba fita ba babbar riga da hula ba. Dole sai na sa kayan Turawa?

Alhaji, ba dole, amma shaddarka ta fi ƙarfin wannan aikin. Ɗigon ruwa yana kashe ƙyallin bugu ya bar tabo, babbar riga in ta sha ruwa nauyinta ya ninka, hula ta rasa karinta. Rawanin da aka rina da baba kuwa zai zuba a wuya da riga. A ajiye su don daren da ake ado a jirgi, a nan ne za su yi kyau, kuma za ka ga ana tsayar da kai ana yabawa.

Matsalar ta wuce ado. Auduga tana riƙe ruwa ta manne a jiki ta janye ɗumi, shi ya sa take da daɗi a Afrilun Tawa, shi ya sa kuma take cutarwa a Nuwamban Italiya. Tsarin da ke aiki hawa uku ne: ƴar ciki irin ta ƴan ƙwallo mai saurin bushewa, rigar sanyi ta ulu ko makamanciyarta, sannan rigar ruwa. In kana son kamalarka, ka sa kaftani gajere mara sitati a tsakani. Wandon jin shi ma auduga ne, in ya jiƙe yakan kwana biyu bai bushe ba.

Mu mata fa, da abaya da zani da hijabi?

Hajiya, bakin abayar ne abin lura. In yana jan ƙasa zai tsotsi ruwan titi har gwiwa, kuma yana iya harɗe ki a tsanin jirgi ko matakala mai tafiya da kanta. Ki ware ɗaya da ta tsaya a idon sawu, ki sa dogon wando mai ɗumi a ciki. Zani yana da wuyar sha'ani in ana hawa ƙaramin jirgin fito, domin takun yana buƙatar buɗe ƙafa. Hijabi mara nauyi ya fi, da wani na canji cikin leda a jaka, saboda jiƙaƙƙen mayafi a wuya cikin bas mai sanyi yana sa sanyi ya kama ki. Ki nemi rigar ruwa mai kai wa gwiwa, wadda hularta za ta rufe ɗankwali ba tare da ta matse ki ba.

Wane takalmi?

A nan ne aka fi jin ciwo. Titunan tsofaffin biranen nan da dutse aka shimfiɗa su, ƙafafu sun goge shi shekaru ɗaruruwa har yana sheƙi. Babban titin Dubrovnik a Kroshiya, ƙananan duwatsun Lisbon, marmaran Akropolis a Atina, hanyoyin Pompei, duk da ruwa ya taɓa su sai su koma kamar an shafa sabulu. A Santorini matakala kusan 600 ce daga tsohuwar tasha zuwa gari, jakai da alfadarai na bi suna kashi a kai. A ranar ruwa ka hau keken igiya, wato akwatin da ke ɗaukar mutane ta sama a jikin igiya, ko da layi. Hawan ganuwar Kotor a Montenegro, mai matakala wajen 1,350, a bar shi sai ranar da ƙasa ta bushe.

Takalmin fatar nan namu na Tawa, mai sumul a ƙasa, da silifa, su zauna a ɗaki. Ka nemi rufaffe mai tafin roba da zane mai zurfi, ka kawo biyu don ɗaya ya bushe kana sanye da ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka yi mako biyu kana yawo da shi a Yamai kafin ka tashi, domin sabon takalmi da jiƙaƙƙiyar safa bororo suke fiddawa a ƙafa. Safar canji guda cikin jaka tana gyara rabin yini.

In ruwa ya tare ni a gari na makara, jirgi zai jira ni?

In yawon da ka saya a jirgi ne, kuna tare da jagoransu, za a jira ko a san yadda za a kai ku. In da kanka ka fita, ba a jira. Jirgi yana da lokacin da aka ba shi a tasha, da matuƙin tashar da zai fitar da shi, da tafiyar dare a gabansa. Lokacin da aka ce kowa ya kasance a ciki yawanci minti 30 ne kafin tashi, kuma a wuraren fito ƙaramin jirgi na ƙarshe yakan riga haka. Ana rubuta shi a takardar yini, wato jadawalin kowace rana da jirgi ke bayarwa, da kuma allo a bakin tsani. Ka ɗauki hotonsa kafin ka taka ƙasa.

Ruwa yana rage gudun komai a lokaci guda: tasi ta yi wuya, titi ya cushe, jirgin ƙasa ya makara. Wasu tashoshin kuma nesa suke da garin da aka rubuta a talla. Wanda aka ce zai je Roma a Civitavecchia yake sauka, kusan kilomita 80 daga birnin. Wani Nuwamba ni da yayana muka je da kanmu, ruwa ya kama mu bayan azahar, muka fake a wata rumfar shan kofi. Na ce, «Yaya, mu tashi mu kama hanya.» Ya ce, «Kai dai ka cika gaggawa, bari ya ɗan tsagaita.» Ban iya musu da shi ba, muka ƙara minti arba'in, ruwan bai tsagaita ba. Jirgin ƙasan da muka samu ya yi ta tsayawa a hanya, daga tasharsa kuma akwai sauran tafiya da bas ɗin cikin tashar ruwa. Mun iso ana shirin janye tsani, shi da hawan jini, yana haki. Tun ranar na kafa wa kaina doka: in ana ruwa, awa biyu kafin lokaci ina kusa da jirgi, in garin na nesa ne kuma yawon jirgi nake saye ko ya fi tsada.

A kula da agogo ma. Nijar ba ta canja lokaci, Turai kuwa tana maida agogo baya da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, tsakiyar lokacin ruwa ke nan. Kafin ranar Faransa, Italiya da Sifaniya suna gabanmu da awa ɗaya, bayanta mu daidaita. Girka tana gabansu da awa ɗaya, Turkiyya tana gabanmu da biyu kullum. Salula tana canja lokaci da kanta gwargwadon eriyar da ta kama, shi kuwa jirgi da nasa lokacin yake tashi. Ka ɗaura agogon hannu, ka saita shi da na jirgi kowace safiya.

To in ya riga ya tafi fa?

Kowace tasha jirgi yana da wakili, sunansa da lambarsa suna cikin takardar yini. Shi za ka fara kira, tun kana hanya ma, da ka ga alamar makara. Sau da yawa in an tabbatar ba ka dawo ba, ma'aikata kan ɗauko fasfonka su bar shi a hannunsa. Kuɗin otel da na zuwa zango na gaba duk a kanka suke.

Mu masu fasfon Nijar muna da ƙarin damuwa da Bature ba shi da ita. In hanyar jirgin ta fita yankin Shengen, zuwa Tunisiya, Maroko, Turkiyya ko Montenegro, sannan ta dawo, biza mai shiga sau da yawa kake buƙata tun farko. Wanda jirgi ya bari kuma sai ya bi ta filin jirgin sama shi kaɗai, inda za a duba kowace takarda. Saboda haka kada ka sauka ba katin banki, da ƴan yuro a hannu, da kwafin fasfo da biza, da maganin da kake sha kullum na kwana biyu.

Ina za a je in ana ruwa, maimakon zama a ɗaki?

Kowane zango ka tanadi wuri mai rufi tun daga gida. A Istanbul akwai babbar kasuwa mai rufi, Kapalıçarşı, da tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa mai ginshiƙai 336, ga masallatai a ko'ina. A Tunis lungunan kasuwar da ke kewaye da masallacin Zaituna da yawansu suna da rufi. A Kasablanka masallacin Hassan II, wanda aka kammala a 1993, ya isa yini. Barsalona tana da kasuwar Boqueria, Marsey tana da gidan tarihin Mucem a bakin tsohuwar tasha. Sai dai a duba ranar hutu: kasuwannin nan biyu na Istanbul da Barsalona ba sa buɗewa Lahadi, Mucem Talata yake hutu, gidajen tarihin Italiya da dama Litinin. Ka sayi tikiti ta intanet, domin dubban mutanen da suka sauko tare da kai can za su nufa.

Abin da ya kamata a fasa shi ne duk yawon da ribarsa hange ne daga tudu, tun da hazo zai rufe komai, da yawon ƙaramin jirgi da bakin rairayi. Norwe ce kawai zan ce a fita ko ana yi: magangarun ruwan da ke zubowa daga duwatsu a Geiranger sun fi cika bayan ruwa. Ga wanda ya tashi a Adar, ganin ruwa yana faɗowa daga dutse ba tsayawa abu ne da ke sa tasbihi.

Yaya zan karanta hasashen yanayi?

Kada ka tsaya kan hoton girgije da kashi cikin ɗari. Kashi 70 yana nufin yiwuwar a yi ruwa, ba yawansa ko daɗewarsa ba. Ka buɗe jadawalin awa-awa ka duba milimita: ƙasa da 2 a awa yayyafi ne, rigar ruwa ta ishe ka, in ya haura 10 ruwa ne sosai. Ka duba ƙarfin iska, ka kuma nemi sunan garin da za ka wuni, ba na tashar ba. Hukumomin ƙasashen sun fi manhajar da ta zo da salula: Météo-France, AEMET a Sifaniya, Yr a Norwe. Gargaɗinsu da launi ne, rawaya, ruwan lemo, ja. In ka ga ruwan lemo ka tsaya kusa da jirgi, in ja ne kada ka sauka. Abin da ya wuce kwana uku gaba, ka ɗauke shi a matsayin ƙiyasi.

Tsawa da ambaliya fa?

Sauti yana cin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku, don haka in ka ga walƙiya ka ƙirga zuwa tara ka ji tsawa, tana kilomita uku daga gare ka, kusa ke nan. Ka shiga gini ko mota rufaffiya, ba gindin itace ko rumfar bas ba, ka bar kan ganuwa da bakin ruwa, ka ƙara minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Ambaliyar biranen Bahar Rum kamar ƙoramunmu take: ruwa ya zuba a kan duwatsu can nesa, ya gangaro busasshen kwari cikin mintoci. Wanda ya san yadda ƙorama ke cin mota a hanyoyin Adar ba ya buƙatar dogon bayani. Ruwa mai gudu, mai zurfin santimita 15, yana kada babba, 30 yana ɗaga ƙaramar mota. A guji hanyoyin ƙarƙashin gada da tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, a hau sama. Lambar gaggawa a duk Tarayyar Turai 112 ce. Bayan ita a kira wakilin jirgi, kamar yadda aka faɗa a amsar wanda jirgi ya bari.

Salula da takardu?

Leda mai zif, ɗaya ta salula, ɗaya ta fasfo da katin jirgi, su kuma cikin aljihun ciki. Fasfon da ruwa ya ɓata shafin hotonsa ana iya ƙin karɓarsa a iyaka. In salula ta jiƙe ka kashe ta, ka goge, ka bar ta ta sha iska, kada ka sa ta caji sai ramin ya bushe. Binne ta cikin shinkafa ba ya ƙara komai. Ruwan teku ya fi na sama ɓarna saboda gishiri. Lambar wakilin jirgi kuma ka rubuta ta a takarda da biro.

Taɓo ya fallatsar min a wando, ga lokacin salla ya yi. Yaya zan yi?

Malaman Malikiyya sun yi rangwame kan taɓon ruwan sama da ke samun tufa a hanya, don haka ba sai ka koma jirgi canja kaya ba. Kasaru ya halatta ga matafiyin teku kamar na tudu. Haɗa azahar da la'asar kuwa, a mashhurin mazhaba rangwame ne na tafiyar tudu, saboda haka ka zauna da malaminka kafin ka tashi, ka nuna masa jadawalin tafiyar.

Abin da ke kama mutane shi ne gajartar yini. A Roma cikin Nuwamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 5, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa. Ka fita da alwala, da siririyar darduma mai roba a ƙasa, da ɗan tawul na share ƙafa, domin maida jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safa a wannan sanyin ba ƙaramin abu ba ne.

Zan tafi da mahaifiyata da yara, ɗaya yana da sikila. Me zan kiyaye?

Mai sikila, wato amosanin jini, sanyi da jiƙa da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar masa da ciwo, kuma ranar ruwa ta haɗa ukun, tun da ba mai jin ƙishi cikin sanyi. A ga likitansa kafin tafiya, a riƙe magungunansa a jakar hannu, ya riƙa shan ruwa, a canja masa kaya da zarar sun jiƙe. In da ni ne, irin wannan iyali watan Yuni zan zaɓa musu a Bahar Rum. Ita kuma Inna, faɗuwa ce abin tsoro: sanda mai roba a ƙasa, zagayen bas maimakon na ƙafa, wani ya riƙe ta a tsani. In ta ce yau ba ta sauka, a ƙyale ta, jirgi ya fi daɗi ranar da kowa ya fita.

Akwai abin da nake roƙon kowa ya riƙe. Wanda ya bar Yamai a Satumba ko Oktoba yana iya tafiya da zazzaɓin cizon sauro a jininsa, ya bayyana bayan mako ɗaya zuwa huɗu. In jiki ya yi zafi bayan ruwa ya dake ka, kada ka ce mura ce ka sha parasetamol ka kwanta. Ka je wurin likitan jirgi ka gaya masa daga Nijar ka fito, a gwada jini. Asibitin jirgi da kuɗi ne, masu yawa. Inshorar da ake nema don bizar Shengen ta yuro 30,000 ce aƙalla, kusan sefa miliyan 20, amma ka tambaya ko ta haɗa da jinya a cikin jirgi da zangon da ke wajen Turai.

Yaya zan busar da kaya a ɗakin jirgi?

Yawancin ɗakunan wanka suna da igiyar da ake jawowa daga bango. Ka shimfiɗa rigar a kan tawul, ka naɗe, ka taka, sannan ka rataye. Takalmi a cire shimfiɗar cikinsa a cusa takarda, a canja ta kafin barci. An hana dutsen guga da shanya a baranda saboda gobara da iska. Akwai masu wanki a jirgi, da kuɗi, amma shadda dai a dawo da ita gida wurin masu bugu.

Wannan duk na masu zuwa Turai ne. Mu da ke yawon kwale-kwale a kogin Yamai cikin damina fa?

A nan ilimin gida ne ke aiki, sai dai a kan ruwa ba rumfar fakewa. Abin da ke kifar da kwale-kwale iskar da ke riga ruwan isowa ce, ita kuwa tsakanin ganin gabas ta yi baƙi da isowarta wani lokaci bai fi ƴan mintoci ba. Hadarinmu ya fi tasowa da yamma da dare, daidai lokacin da ake son fita kallon faɗuwar rana a wajen gadar Kennedy. Cikin damina a fita da safe. A Agusta da Satumba kogin yana cika da jan ruwan da Sirba da Dargol da Gorouol ke kawowa, da ƙarfi da itatuwa a ciki. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a Harobanda ya san ƙarfinsa.

Kafin a shiga a ƙirga rigunan ceto, a sa wa yara nasu tun a gaɓa, kada a yarda a ƙara mutum bayan an cika. In matuƙi ya dubi sama ya ce a koma, a koma, ko an biya kuɗin zuwa Bubon. In iskar ta riga ta same ku, kowa ya zauna a ƙasan jirgin, kada a taru gefe ɗaya, a naɗe rumfar in tana naɗuwa, a nufi gaɓar da ta fi kusa, ko ba ita ce aka taso daga gare ta ba.